Jiragen Yaƙin Ingila a Kano da Rufe Iyakar Damagaram

Darasin tarihi

Yara, ku buɗe taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa bisa Damagaram, sannan ku gangara kudu kaɗan. Ga Kano nan. Tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar kilomita kamar 240. Yau za mu ga yadda yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, ya raba waɗannan garuruwa har shekara biyu. Za mu ga kuma yadda jiragen saman Ingila suka riƙa sauka Kano, da abin da talakawa suka gani a wannan zamani.

1. Garuruwa biyu, hanya ɗaya

Tun kafin zuwan Nasara, fatake suna kai da kawowa tsakanin Damagaram da Kano. Daga arewa ana kai kanwa, da gishiri, da dabino, da dabbobi. Daga kudu ana kawo tufafi, da goro, da baba. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, ga auratayya. Wani lokaci sarakunan biyu sukan yi yaƙi, amma hanyar fatauci ba ta mutu ba.

A shekarar 1899 Faransawa suka ci Damagaram. A shekarar 1903 Ingilishi suka ci Kano. Daga 1906 zuwa 1908 ma'aikatan ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Magarya da Matamai suka faɗa hannun Faransa, Daura da Kazaure suka faɗa hannun Ingila. Duk da haka mutane suka ci gaba da zirga-zirga. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai gyaɗar ƙasar Damagaram ta riƙa bin wannan hanya. Akan ɗora ta bisa raƙuma da jakuna zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku.

2. Jiragen farko

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 mutanen Kano suka ji wata ƙara daga sama. Jirage uku ne na rundunar jiragen saman Ingila, wadda ake kira RAF. Sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, a ƙasar Masar. Sun biyo ta Sudan da Cadi, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Ku riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi.

Wannan tafiya ta nuna cewa jirgi yana iya ratsa Afirka daga kogin Nilu zuwa ƙasar Hausa. A 1936 wani kamfanin Ingila, Imperial Airways, ya soma kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano ta sama. Aka share filayen sauka a kan hanya. A lokacin ba wanda ya san amfanin da filayen nan za su yi bayan shekara huɗu.

3. Abin da ya faru a 1940

Yaƙi ya tashi a Turai a watan Satumba 1939. Ingila da Faransa suna gefe ɗaya, Jamus tana ɗaya gefen. A watan Yuni 1940 abubuwa biyu suka faru. Italiya ta shiga yaƙi tana goyon bayan Jamus. Faransa kuma ta sha kashi, ta ajiye makamai. Aka kafa sabuwar gwamnati a garin Vichy, ƙarƙashin Marshal Pétain, wadda ta yarda ta zauna lafiya da Jamus. Amma wani janar, Charles de Gaulle, ya tafi London ya ce shi bai yarda ba, za a ci gaba da yaƙi.

Nan fa ƙasashen da Faransa ke mulki a Afirka suka rabu biyu. Babban gwamnan da ke Dakar, Pierre Boisson, ya bi Vichy. Saboda haka Nijar, da Dahome, da Togo, da sauran ƙasashen yamma suka zama na Vichy. Gwamnan Cadi kuwa, Félix Éboué, wani baƙar fata haifaffen Guyana ta Faransa, ya bi de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940.

Ku sake duba taswira. Damagaram ta Vichy ce. A kudu da ita ga Nijeriya ta Ingila. A gabas ga Cadi ta de Gaulle. Ba wanda ya tambayi mutumin Birni ko na Zango wane gefe yake so. An wayi gari kawai an ce shi da ɗan uwansa na Kano ba gefensu ɗaya ba.

4. Don me jirage suka biyo ta Kano?

Ingila tana da sojoji a Masar, suna tsaron mashigin Suwez. Italiya tana da nata a Libiya. Yaƙin hamada yana cin jirage ƙwarai, kullum ana bukatar sababbi. To, ta ina za a kai su?

Hanya mafi kusa ita ce Bahar Rum, amma jiragen Italiya da na Jamus suna nutsar da jiragen ruwa a can. Hanya ta biyu ita ce a zagaye Afirka duka ta kudu, amma wannan tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka tuna da hanyar 1925.

Ga dabarar da aka yi. A Ingila akan kwance jirgi, a sa shi cikin manyan akwatunan katako. Jirgin ruwa ya kawo su tashar Takoradi, a ƙasar da ake kira Gwalkwas a da, wato Gana ta yau. A can makanikai su fito da gangar jirgi, da fukafukai, da inji, su harhaɗa. A gwada shi. In ya yi kyau, sai ya tashi da kansa zuwa Masar.

Ayarin farko ya bar Takoradi a watan Satumba 1940. Jirage bakwai ne: Blenheim ɗaya da Hurricane shida. Hurricane ƙaramin jirgin faɗa ne, mai inji ɗaya da matuƙi ɗaya. Blenheim ya fi shi girma, yana da inji biyu, yana ɗaukar mutum uku. Cikinsu akwai mai duba taswira da kamfas. Shi ya sa Blenheim ke shiga gaba, ƙananan su bi shi a baya, kamar yadda ayari ke bin madugu.

5. Zango-zango

Tsawon hanyar ya kusa kilomita 6000. In ba a gamu da matsala ba, akan yi ta cikin kwana shida. Ga manyan zangunan:

Takoradi zuwa Ikko, wato Legas.
Ikko zuwa Kano.
Kano zuwa Maiduguri, da Fort-Lamy, wadda tun 1973 ake kira Njamena.
Fort-Lamy zuwa El Janaina, da El Fashar, da El Obeid a ƙasar Sudan.
Daga nan Hartum.
Daga Hartum a bi kogin Nilu zuwa Masar.

Ku lura da abu biyu. Na farko, daga Kano hanyar ta karkata gabas, ba ta taɓa ƙasar Nijar ba. Jirgin Ingila da ya ɓata ya sauka ƙasar Vichy, ana iya kama shi a tsare matuƙinsa. Na biyu, da Cadi ba ta bi de Gaulle ba, da hanyar ta tsinke a tsakiya, domin ƙaramin jirgi yana bukatar wurin shan mai tsakanin Borno da Sudan.

Tafiyar tana da haɗari. Da damina ga hadari da guguwa. Da hunturu ga hazo, har matuƙi ba ya ganin ƙasa. Ƙura da rairayi suna shiga inji suna cinye shi, har wani jirgi kafin ya shiga yaƙi sai an sake yi masa gyara. In inji ya mutu a tsakiyar daji, sai saukar dole. Don haka akan shafa farin fenti a bayan jiragen, domin masu nema daga sama su hango su da sauƙi. Wasu matuƙa sun mutu a kan hanya. Ba Ingilishi kaɗai ke tuƙin ba, akwai mutanen Polan da yawa, waɗanda Jamus ta ci ƙasarsu. In sun kai jirgi Masar, sai a maido su Takoradi su ɗauki wani.

Daga 1941 wani kamfanin Amurka, Pan American, ya shigo aikin, ya ƙara gyara filaye. Jiragen Amurka ma suka riƙa bin hanyar. Su ma abokan gaba sun san darajarta: a watan Janairu 1942 wani jirgin Jamus ya ratso hamada daga Libiya, ya jefa bama-bamai a filin Fort-Lamy, ya ƙone mai da yawa. Amma hanyar ba ta tsaya ba. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5000 suka bi ta.

6. Su wa suka ɗauki nauyin?

Jirgi ba ya tashi sai da fili, da mai, da ruwa, da abinci ga masu aikinsa. Wa ya yi wannan duka?

A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, leburori ne suka faɗaɗa filin jirgi. Sun sare itatuwa, sun fasa duwatsu, sun ɗauki ƙasa da tsakuwa a ka. Man jirgi yana zuwa daga Ikko cikin jirgin ƙasa. Daga Kano manyan motoci su ɗauki gangunan zuwa gabas. Akwai direbobi, da ƴan dako, da masu gadi, da kuku, da masu wanki, da masu ɗebo ruwa. Wasu sun sami albashi, wasu sun koyi kanikanci da tuƙin mota, sana'o'in da suka ci abinci da su bayan yaƙi.

An kuma tara kuɗi. Sarakuna, da ma'aikata, da talakawan Nijeriya suka ba da gudummawa don a sayi jirage irin Spitfire. Saboda haka aka raɗa wa wata ƙungiyar jiragen RAF, mai lamba 91, sunan Nijeriya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ita ke ba mutane labarin yaƙi da Hausa.

Amma wahala ta fi riba yawa. Kaya suka yi tsada. Gishiri, da kananzir, da yadi suka yi wuya. Aka matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa. Daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi dubban mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa. Samari kuma aka ɗebe su soja, wasu har Bama, a nahiyar Asiya. Littattafan tarihi sun rubuta sunayen janar-janar da na jirage. Sunayen leburori kuwa ba a rubuta ba. Hausawa sun ce: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

7. A ƙasar Damagaram

Yanzu mu ƙetaro gida. A lokacin Sarkin Damagaram shi ne Barma Mustafa, wanda ya hau gado a 1923. Amma iko na hannun kwamandan Nasara da gwamnan da ke Yamai, domin tun 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder.

A watan Satumba 1940 jiragen ruwan Ingila da mutanen de Gaulle suka kai hari Dakar, ba su yi nasara ba. Daga nan zargi ya ƙaru. Masu mulkin Vichy suna tsoron a auka musu daga Kano ko daga Cadi. Aka naɗa wani soja, Janar Falvy, gwamnan Nijar. Aka ƙarfafa barikin Zinder, aka sa ido bisa hanyoyin kudu. Aka rufe iyaka.

Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi. Manomin Magarya yana da gyaɗa, amma hanyar Kano a toshe. Baƙin yadi da farin alawayyo ba sa zuwa, domin jiragen ruwan Ingila sun tare teku, kayan Faransa ba sa isowa sai kaɗan. Sukari, da ashana, da sabulu, da isansi duk suka yi ƙaranci. Mata suka ƙara dagewa bisa kaɗi, masaƙa suka ƙara dagewa bisa saƙa, don a sami abin rufe jiki.

Haraji kuwa bai tsaya ba. Ana karɓar hatsi da dabbobi don ciyar da soji. Ana kama raƙuma da jakuna don ɗaukar kaya. Ga aikin dole: a zo gari a ce a ba da mutum kaza, su tafi gyaran hanya ko ginin bariki, ba tare da wani ladan kirki ba. Akwai kuma wata doka da ake kira andijena, wadda ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da shari'a ba.

Mutane ba su zauna sun naɗe hannu ba. Iyaka doguwa ce, masu tsaro kaɗan ne. Da dare akan bi ƴan hanyoyin gona da jaki, a kai dabba ko kanwa, a komo da yadi ko goro. Wanda aka kama ya sha ɗauri. Wasu kuma da wahala ta ishe su suka kwashe iyali suka ƙaura kudu, wurin danginsu. Biki da jana'iza ba su san iyaka ba. Zumunta a ƙafa take.

Abin godiya, ba a gwabza yaƙi tsakanin Damagaram da Kano ba. Da an yi, da ƴan uwa ne za su harbi juna saboda rigimar da ba tasu ba.

8. Ƙarshen al'amari

A ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba 1942 aka yi babban yaƙi a El Alamein, cikin hamadar Masar. Sojojin Ingila suka kori na Jamus da na Italiya. Jirage sun taimaka ƙwarai a wannan nasara, kuma da yawansu ta Kano suka biyo. Wanda ke shugabancin jiragen hamada a lokacin shi ne Arthur Coningham, mutumin nan da ya sauka filin sukuwa a 1925.

A cikin Nuwamban nan sojojin Amurka da na Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya. Da Boisson ya ga haka, sai ya juya ya bi su. Nijar ta fita daga hannun Vichy, gaba tsakaninta da Nijeriya ta ƙare. A 1943 aka kori Jamus da Italiya daga Afirka, Bahar Rum ta buɗe, hanyar Takoradi ta rage aiki.

Talakan Damagaram bai huta nan da nan ba. Sababbin masu mulki ma sun nemi hatsi, da dabbobi, da soji, da leburori, don a ƙwato Faransa. Yaƙi ya ƙare a 1945. Sai a 1946 aka soke aikin dole da dokar andijena. A shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijar, PPN. Waɗanda suka sha wahalar yaƙi suka soma tambaya: in mun taimaka an ƴantar da ƙasar wasu, tamu fa? Bayan shekara 14, a 1960, Nijar da Nijeriya suka sami mulkin kai.

Filin da leburori suka faɗaɗa shi ne ya zama babban filin jirgin saman Kano, mai sunan Malam Aminu Kano. Iyakar kuma an sake rufe ta a 1984, da 2019, da 2023, kowane karo da nasa dalili, kowane karo kuma aka sake buɗewa. Duk lokacin da aka rufe, manomi da ɗan kasuwa da mai ziyarar dangi su ke fara ji a jikinsu.

Abin da za a riƙe

Daga 1940 zuwa 1942 Nijar tana ƙarƙashin Vichy, Nijeriya tana ƙarƙashin Ingila, aka rufe iyaka.
Jiragen yaƙin Ingila fiye da 5000 sun bi hanyar Takoradi, Ikko, Kano, Fort-Lamy, Hartum, zuwa Masar.
Talakawan ɓangarorin biyu su suka ɗauki nauyin yaƙin da ƙarfinsu, da hatsinsu, da dabbobinsu.

Ma'anar kalmomi

Hafsa: babban soja mai ba da umarni.
Madugu: shugaban ayarin fatake.
Zango: wurin da matafiya ke sauka su huta.
Kamfas: ƴar na'ura mai allura da ke nuna arewa.
Kuza: wani farin ƙarfe da ake haƙowa daga ƙasa.
Aikin dole: aikin da hukuma ke tilasta wa mutum ba da sonsa ba.

Tambayoyi

1. A wace shekara jirgin sama ya fara sauka Kano? Daga ina ya taso?
2. Don me Ingila ba ta kai jiragenta Masar ta Bahar Rum ba?
3. Mene ne aikin jirgin Blenheim cikin ayari?
4. Don me ake shafa farin fenti a bayan jiragen?
5. Don me hanyar ba ta bi ta Damagaram ba?
6. Ku faɗi wahala uku da mutanen Kano suka sha, da uku da mutanen Damagaram suka sha.
7. Mene ne ma'anar karin maganar nan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi? Wane ne kura a cikin wannan darasi?

Aiki

1. Ku zana taswirar Afirka cikin littafinku. Ku sa ɗigo a kowane zango, ku haɗa su da jan layi. Ku shafa wa Nijar launi dabam.
2. Lissafi: tsakanin Damagaram da Kano kilomita 240 ne. In raƙumi yana tafiyar kilomita 30 a yini, kwana nawa zai yi? In jirgi yana gudun kilomita 320 a awa, minti nawa zai yi?
3. Ku nemi sunayen waɗannan da Faransanci: jirgin sama, matuƙi, iyaka, taswira, haraji, yaƙi.
4. Ku tambayi tsofaffin gidanku abin da iyayensu suka ba su labari game da aikin dole ko zamanin ƙarancin tufafi. Ku rubuta layi goma, ku karanta wa ƴan aji ranar Litinin.